Fuskar Oretta a Rufin Fada

Shekara ashirin da uku na yi ina yi wa Tebaldo shafen bango. Shi mai zane ne. Ni kuwa aikina in kwaɓa farar ƙasa da yashi, in shafa daidai inda zai iya gamawa a wuni ɗaya, domin launi ba ya shiga bango sai shafen yana ɗanye. In na shafa da yawa, ya bushe kafin ya iso, sai an kankare. In na rage, ya zauna a kan katako yana zagin kakannina. Da tafiya ta yi nisa ko magana ba ma yi. Ya nuna da ƙotar buroshi, in gane.

A shekararmu ta shida ya auri ƙanwata Oretta. Ni na raine ta bayan rasuwar iyayenmu, ni kuma na kai shi gidanmu cin wake, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Gajera ce, mai wushirya, da tabo a girar hagu inda guga ya buge ta tana ƙarama. Ba irin matan da ake waiwaye a kasuwa ba ce, amma in ta yi dariya kai ma sai ka tsinci kanka kana yi, ba ka san dalili ba.

Da shekara ta zagayo, tsohon sarkin garinmu Montorsa, Ubertino, ya kira mu fada. Akwai wani ƙaramin ɗaki a kusurwar arewa, taga ɗaya tak, duhu kamar rumbu. Ya ce yana so in ya shiga ya ji kamar a waje yake. Wata goma sha ɗaya muka yi a ciki. Da buroshi kawai Tebaldo ya tsayar da ginshiƙan marmara inda babu ginshiƙi, ya buɗe baranda a bangon da kaurinsa ya kai kamu biyu, ya sa tuddai da gonakin inabi can nesa, da labule wanda iska ta ɗaga gefensa. A rufi kuwa ya huda kafa zagayayya kamar bakin rijiya, shuɗin sama a ciki, da makarin dutse kewaye. A kan makarin ya ɗora tukunyar shukar lemo rabinta a waje kamar yanzu za ta faɗo, da mata uku suna leƙowa ƙasa.

Biyu daga kansa ya fitar da su. Ta tsakiya Oretta ce. Ita ke kawo mana abincin rana, burodi da wake da man zaitun, wani lokaci da cuku. Ran nan ta hau dandamalin katako da kwandonta ta same ni, Tebaldo yana ƙasa yana auna wani abu da ido. Ta leƙa ta tsakanin katakan ta ce masa masu aikin sarki ba sa jin yunwa ne, tana dariya. Ya ce kada ta motsa. Ya kwanta rigingine a ƙasa da gawayi da takarda, ya riƙe ta a haka har waken ya huce. Tana da ciki wata huɗu a lokacin, tana ta mitar wuyanta ya ƙage.

Taku uku daga ƙofa aka dasa wani jan dutse a daɓe. Daga nan ake kallo. In ka tsaya a kansa ka ɗaga kai, rufin ya tafi ke nan, sai sama da Oretta tana yi maka dariya. Sarki yakan kai baƙinsa ya tsayar da su a wurin bai ce komai ba. Wani tsohon alƙali daga Bolonya ya kare kansa da hannu don kada tukunyar ta faɗo masa, sarki ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita kanta Oretta sau ɗaya ta gani, ranar da aka sauke katako. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe shekara da shekaru tana yawo da irin wannan haɓar ba wanda ya gaya mata.

Ta haifi Dianora. Yarinyar tana da shekara ɗaya da rabi annoba ta shigo gari da zafin bazara, ta ɗauke Oretta cikin kwana huɗu. A rami ɗaya aka zuba su bayan coci, su arba'in da wani abu. Farar ƙasar da aka barbaɗa musu daga ramin da nake jiƙa tawa aka ɗebo. Ba kabarin da za a nuna wa yarinya.

Ni da matata Mattea Allah bai ba mu haihuwa ba, sai muka ɗauki Dianora. Tebaldo yana ɗakinsa kusa da gada shi kaɗai, yakan zo ranar Lahadi da ƙyallen ɗaure gashi ko 'yar alewa, ya shafa kanta ya tafi. Bai ƙara aure ba. Bai kuma ƙara ambatar Oretta ba, ni kuma na ɗauka zafin rashi ne.

Bangon arewa na ɗakin nan yana jan laima, saboda haka bayan shekara biyu ko uku akan kira ni in gyara ƙasansa. Kafin in taɓa komai sai na tsaya a kan jan dutsen. In na dawo gida Dianora ta tare ni tun daga ƙofa, in gaya mata wushiryar, in gaya mata tabon, in gaya mata yadda gashin ya zubo ta gefe ɗaya. Tun tana shekara biyar na yi mata alkawari zan kai ta. Amma ɗakin yana bayan ɗakunan kwanan sarki, ba a shigar da 'yar magini don kawai tana so. Tebaldo ne mai bakin roƙa. Duk lokacin da na tuna masa sai ya ce a bari ta ƙara wayo, ko sarki ba shi da lafiya, ko yana da wata bukata a gabansa ba ya so ya haɗa biyu. A haka ta kai sha shida.

A shekarar ce tsohon ya rasu. Ɗansa Ostasio ya hau, ya auro Polissena daga wani babban gida a Ferrara. Da kaka ta shigo, wakilin fada Galeotto ya aika a kira mu. Mutum ne mai yi maka magana yana kallon takalminka. Ya ce uwargida ta ga ɗakin ya burge ta ƙwarai, a nan take so ta riƙa karɓar baƙinta. Ta tambayi ko wace ce ta tsakiya, aka gaya mata. Ta ce ba ta ga dalilin da ƙanwar magini za ta riƙa leƙa mata tsakar kai tana dariya ba. A cire ta, a sa fuskar uwargida a wurin.

Na dubi Tebaldo. Na san ba zai iya cewa a'a kai tsaye ba, amma na san dabarun masu zane. Yana iya cewa rufin zai tsage, ko ya ce akwai wuri mafi daraja a bangon gabas inda haske ke faɗawa. Ko numfashi bai ja ba.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “dama wuyan nan ya daɗe yana damuna. Da ƙuruciya na yi shi. Yanzu zan yi wanda ya fi shi.”

Muka fito muka gangaro wajen famfon dandali. Nan na tsaya.

“Maigida, wuyan ne yake damunka?”

“Nofri, bango ne. Farar ƙasa ce da yashi, kai ka kwaɓa da hannunka.”

“Matarka ce.”

“Matata tana bayan coci. In na ƙi, su ɗauko wani daga Ferrara ya fasa, ya ɓata mini ɗakin gaba ɗaya. Ka fi son haka?”

Na ce masa da ya yi shiru ko na ɗan lokaci ne, ko ya sunkuyar da kai, da na yafe masa. Ya wanke hannunsa a famfon duk da ba abin da ya taɓa, ya ce in fara tankaɗe yashi.

Na koma wurin Galeotto ni kaɗai, hula a hannu. Na roƙe shi ya bar 'yar marigayiyar ta shiga sau ɗaya kafin a fasa, ba za ta taɓa komai ba, ba za ta wuce tsawon addu'a ɗaya ba. Ya ce in kawo ta ran Litinin da hantsi. Mattea ta wanke mata gashi da ruwan toka, ta rage mata rigarta ta ranar biki. Abin da ban sani ba, Tebaldo ya riga ya tura kafintoci tun ranar Juma'a, wai sanyi ya kusa, in ƙanƙara ta sauka shafe ba ya kamawa. Da na shiga ranar Litinin, katako ya rufe rufin daga bango zuwa bango, gindin wani gungume yana zaune a kan jan dutsen. Na nemi Galeotto a ɗage ko katako huɗu ne. Ya ce kafintocin sun tafi wani aiki, kuma uwargida ba ta son matan gari a wannan sashen, sannan ai an riga an rufe, me za ta gani. Dianora tana tsaye a ƙofar fada cikin rigar Mattea har rana ta take. Da na fito na gaya mata, ba ta yi kuka ba. Ta ce mu bi ta bayan gari don kada maƙwabta su tambaye ta.

A hanya na yanke shawara. Tunda ni za a sa in fasa, ba zan fasa ba, zan ciro ta ɗungurungum in kai gida. Na taɓa gani an yi haka a wani coci da za a rushe. Da na gaya wa Tebaldo, ya ce in yi abin da na ga dama, shi dai ran Alhamis da safe yana son ɗanyen shafe a wurin. Har na juya ya ƙara da cewa ba zan sami abin da nake nema ba. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Kwana biyu na yi a kan katakon. Na dafa gam na fata, na manna mata ƙyallen lilin ninki biyu, na tokare da allo daga ƙasa, na yanka kewaye da zarto, sannan na riƙa shiga ta baya da guduma da kurfi a hankali, ɗan yatsa bayan ɗan yatsa. Ƙura ta cika mini ido da baki. Ban tsaya kallonta ba kafin in rufe ta da ƙyallen. Na san ta, ban ga abin dubawa ba. Ran Laraba da la'asar ta saki rufin ta kwanta a kan allon, gefen kafaɗa kaɗai ya karye. Ni da 'yan aiki biyu muka sauko da ita. Na ce wa masu gadi ɓaraguzai ne, na tura ta gida a amalanke, ina kauce wa kowane dutse a hanya.

Mattea ba ta iya riƙe magana ba, kafin in iso mata sun cika tsakar gida. Muka ɗora allon a kan teburin yanka burodi. Na jiƙa ƙyallen da ruwan zafi har gam ɗin ya saki, na ɗaga shi a hankali, Dianora tana gefena tana riƙe da hannun rigata.

Abin da ya fito ba Oretta ba ce. Haɓa ce mai faɗin tafin hannu biyu, da ƙofofin hanci baƙaƙe manya, goshi kuwa babu shi, ya matse ya shige cikin gashi. Idanu jan buroshi biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wushiryar wani ɗan zane ne mai ruwan ƙasa. Ƙarƙashin kumatu kore ne, wuyan kuma ya kumbura ya karkata gefe. An yi ta ne don a gani daga ƙasa, daga nesa, daga kan dutse ɗaya, a jikin rufi mai lanƙwasa. Na san da haka, ni na shafa wurin. Amma shekara goma sha shida ina kallonta daga ƙasa, har na manta abin da ke sama.

 Tsohuwa Lapa mai wanki, wadda ta san Oretta tun tana goye, ta gicciye hannu a ƙirji ta ce Allah ya ji ƙanta, ashe ta sha wuya haka kafin ta cika.

Dianora ta zagaya teburin sau ɗaya, ta dawo inda ta fara.

“Kawu, ta ina ake kallo?”

Na ce tsawo take bukata, ba komai ba ne. Rufin gidanmu hannu yana taɓa shi. Muka kai ta ɗakin matsar zaitun na maƙwabcinmu, inda azara ta fi ta ko'ina tsawo a unguwar, ba a kuma fara matsar bana ba. Muka ɗaure ta da igiya huɗu muka ja ta sama tana kallon ƙasa. Ta riƙa juyawa a hankali. Na sa aka karkata ta nan, aka karkata ta can, aka buɗe ƙofa, aka rufe rabi. Mutane suka taru a bakin ƙofa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a juya ta kai ƙasa ko za ta fi kyau, aka yi dariya, Mattea ta kore shi.

Ina ja da baya ina ja da baya, har na jingina da dutsen niƙa, sai na gan ta. Ba duka ba, bakin da gira ɗaya, amma ita ce. Na kira Dianora na tsayar da ita daidai inda ƙafata take, na riƙe kanta na ɗaga. Na ce ga ta nan, ga dariyar. Ta duba har idonta ya kawo ruwa. Ba shuɗin sama a bayanta, ba makari, ba matan nan biyu, sai baƙar azara da saƙar gizo. Ta ce ita dai abin da take gani kamar wadda aka tsamo daga kogi. Sai na gane ni ina ganin Oretta ne don na riga na san ta.

Wajen saukewa igiya ɗaya ta riga sauran, fuskar ta tsage daga kunne zuwa kunne ta kan baki.

Ran Alhamis na tafi aiki. Ina da yashin kogi wanda ban wanke ba, mai gishiri. In na kwaɓa da shi, kafin shekara uku fuskar uwargida za ta yi furfura ta zube. Na tsaya a kansa da shebur, sannan na ɗebi wankakke. Ba tsoro ba ne, kuma ba kirki ba ne. Hannuna ne bai iya ɓata kwaɓi ba. Na yi shafen da ya fi kowane kyau a rayuwata, sumul kamar ɓawon ƙwai.

Uwargida ba ta yarda a zana ta daga ƙasa ba. Ta ce ba wanda zai kwanta a daɓe yana leƙa mata hanci. A kujera ta zauna, Tebaldo ya zana ta ido da ido, da lu'ulu'u a goshi da baki a tsuke, haka kuma ta ce a sa ta a rufin. Ya sa. Ranar da aka sauke katako na tsaya a kan jan dutsen. Matan gefe biyu suna leƙowa kamar da, ta tsakiya kuwa tana manne a rufi kamar hoton da aka buga da ƙusa. Da ido ya faɗa kanta sai ya tuna akwai rufi. Saman ya koma shuɗin fenti, tukunyar lemo ta daina faɗowa, ɗakin ya koma ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya. Uwargida ta tafa hannu, sarki ya tafa, Galeotto ya ce yanzu ne ɗakin ya cika. Tebaldo ya rusuna yana godiya. Bai ɗaga kai sama ba ko sau ɗaya.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci Tebaldo ya zo gidanmu. Labarin ɗakin matsa ya riga ya zaga gari. Dianora ta yi kwana goma ba ta cin abin kirki, ta jingina tsagaggen guntun a ɗakin itace fuskarsa na kallon bango. Ya zauna a bakin tebur, ya fitar da takarda mai kyau da jan alli, ya ce ta zo kusa. Ya ce wancan aikin rufi ne, ba don ido na kusa aka yi shi ba, yanzu zai nuna mata uwarta yadda take.

Na tsaya a bayansa. Hannunsa ya yi sauri a kan gashi da kumatu da wuya. Da ya zo kan baki sai ya tsaya.  Ya waiwayo ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba cikin shekara ashirin da uku, irin na mai neman a rufa masa asiri. Sannan ya ja ɗan ƙaramin baki a rufe, ya ja gira biyu lafiyayyu, ya gyara dogon hanci siriri. Na san fuskar. Ita yake ba kowace Maryamu da muka yi a coci-cocin kwarin nan, daga na gada har na kan tudu. Ya manta Oretta. Ban san tun yaushe ba.

Dianora ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, sai ta kai ta bakinta, sannan kukan da ta riƙe tun ƙofar fada ya zo. Ta ce Baba, ashe haka take da kyau. Ya ce haka take. Mattea ta dube ni ta girgiza kai a hankali, na kuma gane abin da take nufi. Ina ma na bi shawararta.

“Wannan ba uwarki ba ce,” na ce. “Ina wushiryar? Ina tabon? Ki je cocin gada, za ki same ta a bango tana riƙe da jariri.”

Tebaldo bai musa ba. Ya mayar da allin cikin jakarsa, yana ɗaure bakinta a hankali. Dianora ta rungume takardar a ƙirji ta juyo gare ni.

“Kawu, shekara goma sha ɗaya kana cewa za ka kai ni. Ba ka kai ni ba. Kai ka ciro ta, kai ka rataye ta mutane suna dariya, a hannunka ta tsage. Yanzu an ba ni wannan, shi ma so kake ka karɓe?”

Na ce gaskiya nake gaya mata. Ta ce ta ji, na gode. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki da takardarta, ta tura ƙofa.

Mun ci gaba da zama gida ɗaya duk lokacin sanyin nan. Tana gaishe ni da safe, tana zuba mini miya, tana wanke mini rigunan aiki. Ba ta ƙara tambayata komai game da uwarta ba. Sau biyu na fara ba ta labarin guga da tabon, ta ce tana da aiki a wuta.

Kafin bazara wasiƙa ta zo daga Ferrara. Dangin uwargida sun ji labarin hoton, suna son Tebaldo ya je ya zana musu babban zaure, za su ba shi gida da dawakai biyu. Ya aiko yana tambaya ko zan bi shi, ya ce can ba su da mai shafe kamata. Na ce a gaya masa gwiwata ta daina hawa katako. Sai ya ce to Dianora ta zo ta riƙe masa gida. Na ɗauka za ta ce sai ta yi shawara da Mattea. A ranar ta fara ɗaure kayanta. Da safen tafiya ta rungume Mattea suka yi kuka, ni kuma ta durƙusa ta ce Kawu a yafe mata, kamar yadda ake ce wa kowane babba. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ban ƙara yin aiki da mai zane ba. Ina shafa rumbunan hatsi da katangun gonaki da ɗakunan girki, fari fat, ba wanda zai zo bayana da buroshi. Da laima ta sake cin bangon arewa Galeotto ya aiko, na tura musu wani. Tebaldo ya yi shekara tara a Ferrara ya rasu, aka binne shi a cikin coci da dutse mai sunansa.

Dianora ta auri wani mai ɗinkin sirdi a can. Wani mai alfadarai da ke kai man zaitun yakan kawo mana labarinta, kullum gaisuwar da sunan Mattea take zuwa. Bara ya ce ta haifi 'ya mace ta uku, takardar kuma tana rataye a ɗakinta cikin katako mai ado, yaran sukan nuna wa baƙi su ce ga kakarsu. Mattea ta saƙa wa jaririyar bargo. Ni na kai masa dandali, na ɗaure a kan kayan da kaina don kada ruwa ya taɓa. Ya tambaye ni ko ina da saƙo. Na tsaya ina gyara igiyar da ta riga ta ɗauru, sannan na ce ya gaishe ta.